Baba Ya Daina Cin Abinci

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina karatu? Yaya zaman Indiya da kewar gida? Inna da yara lafiya lau. Baba ne dai.

Ka tuna ka ba shi labarin tsohon jagoran nan na Indiya mai yafa zane, wanda in mutanensa suka fara kashe juna sai ya daina cin abinci har su bari. To, Baba ya samu abin koyi. Shanun Fulani sun shiga wata gona ta bakin burtali, samarin garinmu Korgom suka wasa adduna, shi kuwa ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya ce ba ya cin komai sai an yi sulhu. Da ciwon sukarinsa!

Manoma sun ɗauka azumin nafila yake, suna ta yi masa sannu da ibada. Arɗo ya aiko da ƙwaryar nono, Baba ya mayar cikin ladabi. Yanzu a ruga cewa ake ya ƙi nononsu, ya bi bayan manoma. Jiya matansu ba su shigo kasuwa ba.

Na ce, “Baba, can ƙasa guda ke tsoron mutuwar mutumin. Nan wa ya ma gane?” Ya ce, “Ke da kika yi jami'a kin gane.”

Don Allah ka kira shi yau, maganarka yake ji. Ka ce ya sha nonon Arɗo. Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan zamanka.

Ƙanwarka,
Hadiza