Na fesa wa robar asibiti banish, yanzu hannun wani dattijo yana ruɓewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a ɓoye sunana. Ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, shawara nake nema.

Ina da ɗan shago a Sabon Gari, ina aiki da injin nan na 3D, wanda yake narka zaren roba ya gina abu a hankali, layi kan layi. Da can maƙalin mukulli da rigar wayar hannu kawai nake yi. Sai maƙwabciyata Sista Chioma, nas ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi, ta ce ko zan iya yi musu robar da ake tallafe hannun masu ƙuna da karaya da ita, kamar karan ɗori. Na ce me zai hana. Na yi odar zare na musamman mai garin jan ƙarfe a ciki, domin ƙwayoyin cuta idan suka taɓa jan ƙarfe mutuwa suke yi. Har rawar kai nake, wai ni na kawo ci gaba.

To abin da ya fito daga injin wallahi muni gare shi, ja-ja dusu-dusu kamar tsohuwar tukunya. Ni kuma ɗan kafinta ne, a Fagge na tashi, mahaifinmu Allah ya ji ƙansa ko kujerar tsugunno ba ta barin shagonsa sai ta sha banish tana ƙyalli. A wurinmu kaya mara ƙyalli ba a gama shi ba. Sai na goge robobin tas, na fesa musu banish har sau biyu. Da na kai, Sista ta ce za su riƙa jiƙa su a bilic, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, idan an cire wa wani kafin a sa wa wani. Ni da bakina, da iyayina, na ce a'a Sista, bilic zai kashe ƙyallin, a goge da tsumma kawai, jan ƙarfen yana aikinsa da kansa. Ta yarda da ni don ta ga ni ne mai injin.

Ranar Litinin sabon zare ya iso, na zauna ina karanta takardar cikin kwalin, wadda wancan karon ko kallonta ban yi ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! An rubuta ɓaro-ɓaro kada a shafa masa fenti ko wani abu, sai cutar ta taɓa jan ƙarfen kai tsaye yake kashe ta, kuma duk da haka dole a ci gaba da wankewa yadda aka saba a asibiti. Jama'a na rufe maganin, kuma na hana wankin.

Na garzaya asibitin kamar gaisuwa ta kai ni. Akwai wani dattijo, Baba Modu, tela ne a Kwaciri, dutsen guga ya ƙona masa hannun dama. Robata ce a hannunsa, kuma an cire ta ne daga hannun wani mai gyambo. Hannun ya kumbura suntum, yana fitar da mugunya, ga zazzaɓi. Likita ya ce idan bai sauka ba zuwa Juma'a, yatsu biyu za su tafi. Tela fa, hannun almakashi! Sista ta nuna masa ni ta ce ga wanda ya ƙera robar. Bawan Allah ya ɗago hannun hagu ya dafa kaina yana cewa Allah ya yi maka albarka ɗana. Ban san yadda na fito ba.

Na faɗa wa yayana, muka yi kaca-kaca. Ya ce in ja bakina in yi shiru, wai waye ya tabbatar daga robata ne, ciwo ai yana ruɓewa ko ba roba. Ya ce ina magana 'yan sanda ne, a rufe shagon, a kori Sista daga aiki, matar da take da 'ya'ya uku, mijinta ya rasu. Na ce masa to sauran fa, akwai guda huɗu a hannun mutane yanzu haka. Ya ce in sake yin sababbi in musanya a ɓoye. Amma ko na musanya, da tsumma za su ci gaba da gogewa, tunda ni na koya musu. Kuma likitan yana ta canza wa Baba magani bai san inda cutar ta fito ba.

Wallahi tsoro nake ji. Ina tsoron ofishin 'yan sanda, ina tsoron idon Sista, amma albarkar nan da ya sa min ta fi komai ba ni tsoro.

Don Allah ku ba ni shawara. In fara samun Sista ita kaɗai, ko in wuce wurin likita kai tsaye in ce duk laifina ne? Akwai yadda zan faɗa ba tare da na ja mata kora ba? Ma'aikatan lafiya na gidan nan, idan likita ya san gaskiya yau, hannun zai iya tsira? Ku amsa min da wuri, yau Laraba, jibi ne Juma'ar.