Tseren Tiya Biyu

Daren Alhamis, Tirmini

Ni na shirya wa yaran lakwal, makarantar da nake koyarwa, tseren keke a gangaren dutse, don su ɗan manta da yunwar bana. Ni kuma na sa tiya biyu ta hatsi ga wanda ya zo na fari. Ban yi tunani ba, wallahi. Ɗaya daga cikin yaran, Habu, bai kama birki ba har ya faɗi, hannunsa ya karye.

Da la'asar na je ba uwarsa haƙuri, ina jiran faɗa. Sai ta shimfiɗa mini tabarma, ta kira ni yadda ake kiran malamin lakwal a nan, ta ce:

"Mushe, ni na ce masa kada ya bari a wuce shi."

Sannan ta ƙara da cewa, "In za a sake, ƙanensa ma ya iya keke."