Ƙuma a Ɗakin Ɓerayen Hadil

Lahadi, 13 ga Zulƙida

Na tashi da jajayen ƙuraje a damtse da wuya, ƙaiƙayi kamar in cire fatar. Na ɗauka sauro ne. Hadil, matar ɗana Turki, ta kama hannuna ta duba, sai ta hau suduhi, saman benenmu inda ɗakin ɓerayenta yake. Da ta sauko idonta ya yi ja. Ta ce, "Khala, ki yafe mini, fash ne." Khala take kirana, wato inna. Fash kuma ƙuma ke nan. Irin ƙananan nan da ido bai cika gani ba.

Shekara talatin na yi a unguwar Nakkasa, nan Makka, ina yaƙi da ɓera, da tarko da tafasasshen ruwa da muciya. Aka yi rusau muka dawo Rusaifa, na ce to, na rabu da su. Ashe a gidan ɗana zan tarar da su a keji, har da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana hura musu sanyi. Uku na lele ne, masu suna. Sauran, wajen talatin, kiwo take yi tana sayar wa masu ajiye macizai da shaho. Wai sana'a.

Kuma yarinyar nan cikinta ya shiga wata tara.

Talata, 15 ga Zulƙida

Turki da Hadil sun kai ɓeraye biyu wurin likitan dabbobi. Ya tabbatar, ya ba da magani, kowace Alhamis har sau huɗu, ba tsallake. Wai maganin ba ya kashe ƙwai, sai an jira sun ƙyanƙyashe a sake bi ta kansu.

Da rana na zaunar da su. Na ce ba za a kawo mini jariri gidan da ƙuma ke yawo ba, a kwashe ɓerayen nan yau. Turki ya sunkuyar da kai, shi dama haka yake, kunkuru. Ita ce ta yi magana, da Hausarta ta 'yan Makka, rabi Larabci. Ta ce shekara uku tana gina abin nan da hannunta, ba ta taɓa roƙon kowa komai ba, yau tana roƙona in ba ta lokaci zuwa bayan Sallah. "Ki shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin kowane keji, Khala, ki duba da kanki. In kin ga ko ɗaya, khalas, shi ke nan, ni zan fitar da su."

Na amince. Gaskiya don na tabbata ba za ta iya ba ne. Ƙumar da ta shiga ɗakin kajin kakata a Kano sai da aka cinna masa wuta.

Alhamis, 17 ga Zulƙida

Na hau don in shanya zani. Ba kallo na je yi ba.

Ta sa safar hannu da takunkumi. Kowane ɓera sai ta ɗora shi a kan sikelin kicin (sikelina ne, na auna fulawa, na bar mata har abada), ta ja magani a sirinji daidai nauyinsa, ta gauraya da ɗan yogot a bakin cokali, ta tsaya har ya lashe. Ɗaya bayan ɗaya, don kada mai haɗama ya ci rabon biyu. Turki yana wanke kejuna da ruwan zafi yana shanyawa a rana. Duk kayan wasansu na katako ta zuba a leda ta ɗaure aka kai bola, har wani ɗan gida da ta sassaƙa da kanta. Ba ta ko waiwaya ba.

Wani fari mai ɓawon ƙuraje a kafaɗa, ta riƙe shi tana yanke masa farce don kada ya ƙara yage kansa, tana masa magana ƙasa-ƙasa. Sunansa Tsoho. Na ce sunan baffana ke nan fa. Ta ce, "Shi ya sa, Khala, yana da mutunci." Na danne dariya na sauko.

Asabar, 19 ga Zulƙida

Na buɗe firiza in duba wurin naman layya, na tarar da buhunan dusar katako. Wai sai sanyi ya kashe abin da ke ciki kafin a shimfiɗa musu. Allah ya ba ni haƙuri.

Litinin, 21 ga Zulƙida

Majid mai shagon dabbobi ya zo da mota yana son goma, wai macizansa sun kwana biyu ba su ci ba. Ina bayan labule ina ji. Ta ce ba ta sayarwa, suna da ƙuma, kuma akwai magani a jikinsu, zai iya cutar da abin da ya ci su. Ya ce wa zai sani? Ta ce, "Ni." Ta kuma ba shi lambar wani mai kiwon a Jidda, wanda kishiyar sana'arta ne.

Ya tafi yana ƙunƙuni. Ta shigo ta zauna ta ɗora ƙafafunta da suka kumbura a kan matashi. Na san 'yan kasuwa masu gemu har ƙirji da ba za su iya wannan ba. Na haɗa mata shayi da na'ana'a, na ce ragowar nawa ne.

Alhamis, 24 ga Zulƙida

Cikin ya hana ta sunkuyawa ta karanta sikeli, sai ni nake karanta mata daga bakin ƙofa. Daga bakin ƙofa kawai. Ta raba su keji-keji bisa ga nauyi, ta manna wa kowane keji tef mai launi, ta manna irinsa a jikin sirinjinsa daidai layin da za a tsaya. Ja, kore, shuɗi. Kan yarinyar nan yana ja.

Na tambaye ta daga ina ƙumar ta fito, tunda ɗakin ya fi kicin ɗin wasu tsafta. Ta ce Allah ne ya kawo. Da yamma Turki ya same ni a kicin yana sosa ƙeya. Ashe shi ne. Ya ga wasu biyu masu kyau a kasuwar dabbobi, ya sayo mata tsaraba, ya zuba su cikin sauran tana barci don ta tashi ta gani. Ita kuwa dokarta, baƙon ɓera sai ya yi makonni a ware.

Kwana nawa ina zabga mata magana a kan ƙazanta, tana cewa "tayyib, Khala", wato "to", ba ta taɓa kallon inda mijinta yake ba. Na ji kunya. Na ce wa Turki da yana da shekara goma yau da ya ci muciya.

Laraba, 1 ga Zulhajji

An ga wata. Gari ya cika, ko'ina shinge da motocin alhazai. Turki ya tattara kayansa, aikinsa na bana tsara bas-bas ne tsakanin Arfa da Muzdalifa, ba za mu gan shi ba sai bayan jifa.

Khadijatul Kubra maƙwabciyarmu ta shigo karɓar kanwa, ta ji labari. Ta ce, "Hajiya Ummulkhairi, me kike jira? Ɓera fa yana cikin waɗanda aka halatta kashewa ko a cikin Harami. Ki sa musu guba ki huta." Maganar da ni kaina na faɗa wa Turki ce a watan jiya. Amma da na ji ta a bakin wata sai ta yi mini ɗaci. Na ce an halatta, ba a wajabta ba, ga kanwarki.

Alhamis, 2 ga Zulhajji

Na uku. Ƙurajen hannuna sun bushe. Kafaɗar Tsoho ta fara fitar da sabon gashi. Ni na wanke kejuna biyu saboda ba Turki, kuma ba zan zuba ido mai ciki tana ɗaukar ruwan zafi ba. Iyakarta ke nan.

Saura ɗaya. Ta ce na ƙarshen ne mai muhimmanci, in an rasa shi kamar ba a yi komai ba.

Laraba, 8 ga Zulhajji

Naƙuda. Hajiya Wafa, mahaifiyar Hadil, ta zo da ɗanta, ƙanen Hadil, suka tafi da ita asibiti, da ƙyar suka samu hanya. Mutum ɗaya ake bari a wurin mai jego. Ni kaɗai a gida, sai carbi.

Alhamis, 9 ga Zulhajji, ranar Arfa

Mace! Aiki aka yi wa Hadil, amma uwa da 'ya lafiya. Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Turki ya bugo daga cikin hayaniyar motoci yana kuka yana dariya, ban ji rabin abin da ya ce ba.

Da hantsi Hadil ta kira, murya kamar daga rijiya. Muka yi barka. Can sai ta ce, "Yau Alhamis." Na ce na sani. Ta ce, "Ba komai, Khala. Haka Allah ya so. Ki ba su ruwa kawai in kin iya." Ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa ma da ya fi mini sauƙi.

Na zauna a falo ina kallon alhazai a talabijin, fari fat a kan dutse. Ina azumi. Na ce wa kaina, Ummulkhairi, abin da kike so ya zo har gida. Ba ki sa guba ba, ba ki karya alkawari ba. Ki zauna kawai. Ƙwai su fashe, ki shimfiɗa ƙyalle, ki ga abin da za ki gani, shi ke nan. Ba wanda zai ce kin yi laifi.

Sai dai a ranar da mutane ke tsaye a rana suna neman a yi musu rangwame, ni ina zaune a sanyi ina jiran mai jego ta faɗi. Abin bai zauna mini ba.

Na hau bayan azahar. Safar hannunta ta yi mini kaɗan. Na fara da jan keji. Na farkon da na kama a tsorace, na ji zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna, sauri-sauri, ashe shi ma tsorona yake ji. Na yi bisimilla. Na ɗora a sikeli don in tabbatar, na ja magani zuwa layin tef, yogot, cokali. Ya lashe ya kalle ni.

Wata uwa mai 'ya'ya ta cije ni ta cikin safar. Ban ga laifinta ba, da ni ce ma haka zan yi. Wani ɗan banza ya kuɓuce ya shige bayan buhu, na durƙusa da gwiwar nan tawa ina lallashinsa da Hausa da Larabci, har da "don Allah". Da Khadijatul Kubra ta leƙo a lokacin, da sai dai in bar unguwar.

Tsoho kuwa da kansa ya hau hannuna ya zauna. Sauran aikin da shi a kafaɗa na yi, don na rasa yadda zan sauke shi.

Na wanke kejuna, na ɗebo dusa daga firiza na shimfiɗa. Ana kiran magariba ina zaune a kan matakala, bayana kamar ba nawa ba. Da dabino ɗaya da ruwan famfo na sha ruwa.

Ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, 10 ga Zulhajji

Sallah. Na je na ga jaririya. Hancin Turki, sauran duk na uwar, Allah ya taimake ta. Hadil ta ga plasta a yatsana, ta kalle ni. Na ce wuƙa ce. Ta riƙe yatsan ta sumbata, hawaye na zuba. Na ce wa Hajiya Wafa 'yarta zafin ɗinki ke damunta.

Lahadi, 12 ga Zulhajji

Naman layya ya zo. Rabi na kai firizar maƙwabta, tunda tawa tana da baƙi.

Laraba, 15 ga Zulhajji

Hadil za ta yi arba'in a gidansu, amma alkawari alkawari ne. Jiya ta bugo ta ce in duba, ba sai Turki ya tsaya ba. "Abin da kika ce kin gani, Khala, shi ne." Haka kawai. Ta ba ni wuƙa da nama.

Na yayyaga tsohon farin zanin gado, na shimfiɗa a ƙarƙashin kowane keji tun jiya. Yau da safe na hau da tabarau da gilashin ƙara girma na Turki. Na fitar da ƙyallayen rana, ɗaya bayan ɗaya. Ba sassauci. Jikata ce za ta kwana a gidan nan, ko ɗaya na gani zan faɗa, ko da za a yi kuka.

Ja, babu. Kore, babu. Na buɗe gashin wuyan kowannensu na duba, fata fes. Sai a shuɗin keji, a gefen ƙyalle, ga wani ɗan baƙin ɗigo.

Na kai gilashin kansa. Na tsaya ina kallonsa, ina jira ya motsa. Na hura masa iska. Na sa farce na taɓa. Ƙwayar habbatussauda ce, ta faɗo daga biredin da na ɗan gutsura musu jiya.

Wai sai na ji wata tsohuwa ta ce "Alhamdulillahi" da ƙarfi, har tattabaru suka tashi. Na waiga, ba kowa a suduhin sai ni.

Na kira Hadil na ce ban ga komai ba, su zauna, amma kada ta ɗauka wani abu ne, ƙumar nake yaƙi da ita tun farko. Ta ce, "Tayyib, Khala." Ina jin murmushin a muryarta, mara kunya.

Majid ya bugo yana tambayar yaushe za a fara sayarwa. Na ce sai mai su ta warke ta faɗa da bakinta. Kuma ko an fara, uwar nan da ta cije ni ba ta cikin lissafi.