Awa Ɗari da Mutum-mutumin Roba

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai ɗan jiri don yawan tsayuwa. A aiko min rigar sanyina.

Na ji kana yaɗawa wai an turo ni karatun jinya na ɓige da wasan 'yar tsana. Dokar hukumar jinya ce: ba mai taɓa majinyaci sai ya yi awa ɗari da mutum-mutumin roba. Jiya malama ta kayar da ni don na juya shi ban gaishe shi ba. Ni da na yi wata takwas ina juya Baba!

Nan ko roba sai an gaishe ta. Kai sau nawa ka leƙo ɗakinsa?

Allah ya ba Inna lafiya.

Ƙanwarka