Ni na tura matar yayana gulbi, ita aka ɗora wa laifin leɓen ɗanta

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, admin don Allah a ɓoye sunana. Ni tsohuwa ce daga Kalgo, na haura tamanin, ban iya rubutu a waya ba, murya na turo aka rubuta mini. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi shekara sittin yana cina, ko mijina har ya rasu ban faɗa masa ba.

Shekara biyu ko uku kafin a samu 'yancin kai, ina yarinya wajen sha uku, yayana Manu ya auro wata daga Gwandu, zan kira ta Adda Hajo. Iyayenta masu shanu ne, mu kuma noma da su muke yi. Matar nan ta so ni, ita ke mini kitso, in an kawo mata man shanu daga gidansu sai ta ɗebar mini. Da ta samu ciki Innarmu ta kafa mata doka, kada ta kuskura ta je gulbi da magariba, wai lokacin iskoki ke fitowa su taɓa abin da ke ciki. Ɗibar ruwan yamma dama aikina ne. To wata rana ana biki a unguwarmu, ƙawayena duk sun tafi gaɗa, Inna ba ta nan, sai na yi ta roƙon Adda ta je mini ko tulu ɗaya ne. Cikinta wata takwas lokacin. Ta ce tana tsoro, na yi ta kuka, har ta ɗauki tulun ta tafi, ta ce kada in damu ba wanda zai ji.

Da ta haihu namiji ne, amma leɓensa na sama a tsage har cikin hanci, saman bakin ta ciki ma a buɗe, in ya kama nono sai ya fito ta hanci. Ungozoma ta ce wannan taɓin iska ne, a bincika inda uwar ta taka. Wata maƙwabciya ta ce ita kam ta taɓa ganin mai ciki da tulu a bakin gulbi bayan faɗuwar rana. Inna ta kira ni gaban mata, Adda na zaune da jinjirin a cinya, ta ce, “Ke, wa ya aike ta?” Tsoron duka ya kama ni, na ce ba wanda ya aike ta, ita ta tafi da kanta, har na hana ta ta ƙi. Adda ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai ƙasa, ta rufa mini asiri.

Daga nan gida ya ƙi zama. Inna kullum cewa take mai kunnen ƙashi ta ɓata mata jika, Yaya Manu ya yi ta ba da haƙuri har ya gaji, dangi suka taru masa a kai. Adda na yin arba'in ta tafi Gwandu ganin gida, takardar saki ta bi ta. Can ta rayar da yaron, Sanda, tana tatsar nononta tana ɗura masa da ɗan ludayi kaɗan kaɗan. Ba ta ƙara aure ba sai da ya yi wayo, kuma leɓen sai da ya zama magidanci aka ɗinke masa.

Duk shekarun nan abin da na ɗauka shi ne laifina biyu ne, na tura ta gulbi iska ta taɓa yaro, na kuma yi mata ƙarya. To watan jiya matar jikana ta haihu a Birnin Kebbi, 'yar ta zo da irin wannan leɓen. Na bi su asibiti, na tambayi likita ko uwar ta taka wani wuri ne. Likitar mace ce, ta zaunar da ni ta ce, “Mama, fuskar jariri ba a haɗe take farawa ba, gefe da gefe take tahowa ta haɗu a tsakiya. Leɓe na haɗewa tun ciki bai cika wata biyu ba, saman baki kuma wajen wata uku, sau da yawa mace ba ta ma san tana da ciki ba. Wani lokacin haɗuwar ce ba ta cika.” Na ce to in mace ta je gulbi da cikin wata takwas fa? Ta ce a wata takwas an daɗe da gama wannan, ba gulbi ba, ko ina ta je ba zai tsaga abin da ya riga ya haɗe ba. Ta ce kuma wannan jinjirar za a yi mata aiki nan da 'yan watanni.

Wallahi da farko sanyi na ji, ashe ban ɓata yaron ba. Amma kafin mu iso Kalgo sanyin ya koma wuta. Ashe gulbi bai yi wa kowa komai ba, aurenta da ya mutu, da Sanda da ya tashi ba a gidan ubansa ba, bakina ne kaɗai ya yi wannan.

Adda Hajo na raye, tana Gwandu wajen Sanda, idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Bara na je musu ta'aziyya, ta riƙe hannuna ta ce, “Ƙanwata, har yau in Sanda ya shigo gaishe ni sai na ce ya yafe mini, da na ji maganar Inna da ba haka ba.” Ba ta ambaci wanda ya aike ta ba, kuma na tabbata ba ta manta ba. Shi kuwa Sanda bai san komai ba. Gwaggo yake ce mini, duk kaka sai ya aiko mini da gero, 'yarsa ta fari sunana ya sa mata. Ya taɓa gaya mini da yana yaro in an yi masa dariya sai ya ƙi cin tuwon uwarsa, don an ce ita ta ja masa.

Na faɗa wa babban ɗana, ya ce in yi istigfari in bar maganar, Inna da Yaya Manu duk sun rasu, tonowa zai raba zumunci ne kawai. 'Yata kuma ta ce in je in faɗa wa Adda bayanin likita kaɗai, hankalinta ya kwanta, nawa ɓangaren in bar wa Allah. Ni kuma ina ganin in na yi haka na sake ɓuya a bayanta, kamar yadda na yi ina yarinya.

Shekaranjiya aka bugo waya wai jikin Adda ya yi tsanani, ba ta cin abinci sai kunu. Jama'a, in tafi in durƙusa gabanta ita kaɗai, ko in sa a kira Sanda ya zauna ya ji da kunnensa cewa uwarsa ba ta taɓa yi masa laifi ba, gwaggon da yake girmamawa ce ta yi? In ya daina gaishe ni na cancanta, amma ina tsoron tashin hankalin ya ƙarasa ta. Don Allah ku amsa mini da wuri, ban san kwana nawa ya rage mata ba, ni ma ban san nawa ba.