Gefen Hagu na Allo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin daina hawa benen nan da kaya a hannu, ko da yake na san halinki. Mu nan lafiya lau, Maman yara tana gaishe ki.

Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba ma gama magana. Ke ba kya ji sai na ɗaga murya, da na ɗaga kuma sai ki ce na yi miki tsawa. Likita ma ya ce in riƙa rubutu da karatu.

Saƙonki ya iso, cewa kin share ɗakin baya, in ajiye aiki in zo in huta a wurinki. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ki mayar da keken ɗinkinki ɗakin. Na koma aiki.

Bari in faɗa miki abin da ciwon shanyewar ɓarin jikin nan ya bar mini, don na lura kowa a dangi yana da nasa labarin. Hannu ya dawo, baki ya miƙe. Abin da bai dawo ba shi ne ganin gefen hagu. Idanun lafiyarsu ƙalau, ƙwaƙwalwar ce ta daina karɓar abin da ke zuwa daga wajen. Ba duhu nake gani ba, Yaya. Wajen ne kawai babu shi, kamar yadda ba kya ganin ƙeyarki kuma ba kya jin kin rasa komai. In na juya kai, abu ya bayyana.

Kin sha tambayata me nake yi a gaban kwamfuta shekara da shekaru. Manhajar da muke rubuta aikinmu a cikinta tana raba allo gida-gida, kowane gida muna ce masa taga. Akwai tagar jerin fayiloli, akwai babba wadda muke rubuta umarni a ciki, akwai ƙarama da ke kawo sakamakon gwaji in mutum ya yi kuskure. Kowa yana jera su yadda hannunsa ya saba, kamar yadda kike jera almakashi da alli da zare a teburinki, ki yi ta faɗa in an taɓa.

Ina kwance aka kawo mana sabon Manaja. Mutum ne mai tsabta da son tsari, ba mugu ba ne. Da allo biyu gare ni a tebur, na dawo na tarar da ɗaya, ya sa an kwashe na biyun kowa an kai sito, wai suna raba hankali. Ya kuma sa duk safiya kwamfutocin su koma tsari iri ɗaya, don kowa ya iya zama a kowane tebur. Tsarin nan nasa ya tara duk abin da nake buƙata a hagu. Saboda haka kullum in na iso, sai in ɗora tsohon fayil ɗin saitina, wanda na yi shekaru ina gyarawa, in ƙara girman haruffa, in ja tagogin ɗaya bayan ɗaya zuwa dama. Kafin in gama, abokan aiki sun yi nisa.

Jiya ya kira ni ofishinsa, ya ja mini kujera da kansa. Ya ce akwai gurbi a sashen rubuta littafin jagora ga masu sayen manhajarmu, aiki ne mai sauƙi, babu gaggawa, albashi bai canza ba. Na ce masa na gode, amma ni manhaja nake rubutawa, ba bayaninta ba. Ya ce in yi tunani. Na ce na yi shi tun a gadon asibiti, lokaci ne da ba ni da wani aikin.

Ki gaida maigidan da yara.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Yaya jikin maigidan, murar ta sake shi? Takardarki ta zo, na karanta ta sau biyu, na biyun don a na farko na yi ta rasa farkon layuka. Kin ce taurin kaina tun ina rarrafe yake. Ban musa ba. A wurinki na gani.

Abubuwa sun ɗan cakuɗe, kuma gara ki ji daga bakina.

A aikinmu, kafin mutum ya haɗa abin da ya rubuta da na sauran jama'a, sai ya gwada shi. Ni tun da daɗewa na saita tagar gwajin ta riƙa fitowa ne kawai in akwai kuskure. In shiru, aiki ya yi kyau. To, sau biyu ke nan ina gwadawa in ji shiru, in miƙa aiki, ashe da ɓaraka a ciki. Duka biyun sun tsayar da aikin sashen gaba ɗaya, na biyun har bayan azahar.

Na ce tagar ba ta fito ba. Aka kira mai kula da na'urorinmu, wanda muke ce wa Boka don maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: a kashe a kunna. Ya zauna a kujerata, ya mayar da komai tsarin Manaja, ya yi kuskure da gangan, sai ga taga ta fito ja wur a ƙasan allo, ta hagu. Ya nuna ta da yatsa, ya dubi ƙasa. Kowa a ɗakin ya ga wane gefe yatsan yake.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Muna da wata al'ada a sashenmu, ni na kawo ta tun muna mu kaɗan. Akwai agwagwar roba mai ɓallallen baki. Duk wanda kuskurensa ya tsayar da aikin jama'a, a teburinsa take kwana, a yi ta yi masa tsiya, har sai wani ya karɓe shi. Babu wanda ta ƙyale, har tsohon shugabanmu ta sha kwana a gabansa. Ni kaina na riƙe ta ba adadi. Yaya, sau biyu na tsayar da aiki, agwagwa ba ta zo ba. Tana can teburin Doguwa, maƙwabciyata a wurin zama, wadda ni na koya wa aikin. Da na bincika, sai na ga ita ce ta bi bayana ta gyara kurakuran a ɓoye, ta ce wa mutane nata ne.

Na san alheri ta nufa. Amma wanda aka daina yi wa tsiya a ɗakin nan, an riga an sallame shi, takarda kawai ake jira. Na tare ta a bakin firinta na ce kada ta sake. Ta ce, “Baba, so nake ka zauna.” Na ce in zauna a matsayin me, kayan ado? Ta tafi idonta da ƙwalla, ni ma ban ji daɗin kaina ba, amma ban janye ba.

Manaja ya ce a taron sashe mai zuwa za a yanke shawara a kaina, kuma in zo da takardar likita. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kwanaki ina tambayar kaina ko gaskiyarsu ne. Mai irin ciwona ba ya sanin abin da bai gani ba, shi ne sharrin abin. Na buɗe fayil ɗin saitina na karanta, ban ga aibu ba.

Maman yara ce ta tuna mini dabarar da aka koya mana a asibiti. Ta yanko jan ƙyalle ta ce in manna a gefen allon na hagu, in riƙa juya kai har sai na ga ja, ta haka zan san na share allon duka. Na manna. Na ɗora saitina, na yi kuskure da gangan, na juya kai a hankali har ja ya bayyana. Babu taga. Ban yarda da kaina ba, girman kai kuma ya hana ni kiran wani ya duba mini. Sai na ɗauki hoton allon da waya na kawo gida. Maman yara ta duba, ta sa tabarau ta sake dubawa, ta ce ita dai ba ta ga wani jan abu ba sai ƙyallenta.

Ke nan akwai abin da idona bai gani ba, akwai kuma abin da babu shi. Kafin taron nan sai na raba su.

Kada ki ce wa maigidan ya kira Manaja, na ji kin fara wannan shawarar. Ki yi mini addu'a kawai.

Naki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta yara. An ce ƙaramar ta ci jarrabawa, Allah ya sa albarka, ki ce mata kawunta yana sane.

An yi taron. Ga yadda aka yi.

Tun da tagar tana fitowa a tsarin Manaja amma ba ta fitowa a nawa, na san matsalar tana cikin fayil ɗina. Na buga shi a takarda da manyan haruffa, na ɗora rula a ƙarƙashin kowane layi, na sa yatsa a farkonsa, kamar ɗan aji ɗaya. A cikin fayil ɗin kowace taga tana da lamba da ke nuna inda za ta zauna, ana ƙirgawa daga gefen allo na hagu. Lambar tagar gwaji tana da alamar ragi a gabanta, wato ƙasa take da sifili. Ma'anarsa, tagar tana buɗewa ne can bayan gefen allon, a wurin da allona na biyu yake zaune kafin a kai shi sito. Ni na ajiye ta a can da hannuna shekarun baya. An ɗauke allon, ba wanda ya gaya wa fayil ɗin. Duk lokacin nan tana fitowa, tana ihu da jan rubutu, a allon da babu shi.

Karatun farko da na yi wa fayil ɗin na wuce alamar ban gan ta ba, don 'yar ƙaramar layi ce kuma a hagun lambar take. Wannan kam idona ne, kuma na faɗa a taron kafin wani ya faɗa.

Ban yi dogon bayani ba. Na roƙi Boka ya ɗauko allo ɗaya daga sito. Na ɗora saitina, na yi kuskure da gangan, na ce duk mai ido biyu ya matso ya nuna mini tagar. Suka matso, har Manaja. Boka ya ce a kashe a kunna, aka yi dariya, ita ce dariyar farko da aka yi kusa da teburina tun da na dawo. Sannan ya ajiye allon a hagu ya haɗa waya. Allon na kamawa, sai ga ta a tsakiyarsa.

Manaja mutumin kirki ne, na faɗa miki. Nan take ya ce laifin sauyin da aka yi ne ba tare da an bi saitin kowa ba, a manta da maganar, ba laifina ba ne. Ya ce a bar mini allon. Na ce ina so, amma a dama. Na kuma ce teburin nan ya zama nawa, kwamfutar ta daina komawa tsarin kowa da safe, don ba zan riƙa ɓata farkon kowace rana ina jan tagogi kamar mai kwashe kaya daga gidan haya ba. Abin bai yi masa daɗi ba, don ya taɓa tsarinsa. Ya yarda, da sharaɗin wani zai riƙa duba aikina kafin a haɗa, zuwa wani lokaci. Na so in yi gardama, sai na tuna alamar ragin nan. Na ce na yarda, a ba ni Doguwa, amma ta nuna mini kuskure, kada ta gyara. Takardar likita tana aljihuna, ba wanda ya tambaya, ni ma ban fito da ita ba.

Har an fara tashi na ce saura abu ɗaya. Na ce fayil ɗin nawa ne, ni na ɗora shi, ni na karanta shi na tsallake alamar, ni na miƙa aikin da ya tsayar da sashe sau biyu. Manaja ya fara cewa ai an wuce wannan. Na ce, “Ba a wuce ba. Ku kawo mini agwagwata.”

Sai Doguwa ta tashi ta ɗauko ta, ta zo ta tsaya tana neman inda za ta ajiye a damana, inda zan gan ta ba wahala. Na ce a'a, a hagu, kusa da jan ƙyallen. Ta dangwara ta da ƙarfi, ta ce sau biyu ne, don haka ko wani ya yi kuskure gobe sai ta ƙara kwana a wurina. Boka ya ce dama agwagwar ta rame, ta yi kewar mai ita. Kafin a tashi aiki an manna mini takarda a bayan riga da zanen agwagwa sanye da tabarau. Ban gan ta ba sai da Maman yara ta cire ta daga rigata a gida.

Ganin hagu bai dawo ba, Yaya, likita kuma bai yi mini alkawari ba. Na gyara lambar, tagar gwaji yanzu tana dama, na kuma saita ta ta riƙa fitowa ko da kuskure ko babu, na daina yarda da shiru. Duk safiya in na zauna, sai in juya kai a hankali har in ga bakin agwagwar nan da ya ɓalle, sannan in fara aiki.

Ɗakin baya kuwa, ki bar keken a ciki. In mun zo hutu a falo zan kwana, ki ajiye mini kofin shayi a hagu, zan same shi.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mu tare.

Ƙaninki mai taurin kai,
Auta