Tabon da Kwamfuta Ta Goge

Zuwa ga jikana, maigidan da ba ya cefane,

Kafin gaisuwa, ungo wannan: yana sallama ba ya numfashi, yana kallona bai san ni ba, kumatunsa sumul kamar ba a taɓa zaman aure da shi ba. Wane ne? Riƙe shi tukuna.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya idanunka da kallon kwamfuta? Ni ƙalau, sai gwiwa, ita kuwa mun saba.

Saƙonka ya iso. Gwaggonka ta kunna mini a waya ina tsefe kai. Sai ga kakanka, shekara tara da rasuwa, zaune gaban keken ɗinkinsa, ya ɗago ya yi sallama. Wallahi na amsa, har na jawo mayafi. Gwaggonka na ta dariya. Muryar tasa ce, har gyaran muryar da yake yi kafin ya yi ƙarya.

Ka ce da tsofaffin hotuna da kaset ɗin muryarsa kuka haɗa shi, kuma masu fim ɗinku na jiran in sa hannu ya fito a matsayin tela. Ka ce nan gaba haka za a riƙa yi, mamaci ma ba zai huta ba.

To ga abin da ba ku sani ba. Kakanka bai taɓa ba mai hoto kumatunsa na hagu ba. Akwai tabo a wurin. Ya gaya wa duniya a shago ya ƙone, alhali ni ce, ina amarya, na juyo da dutsen guga ban san ya sunkuyo zai tsokane ni ba. Shekara arba'in yana rufa mini asiri. Kwamfutarku ba ta gani ba, sai ta shafe wurin.

Na kalli abin nan ya fi sau talatin, kamar mai susar ƙurji. Jiya bayan azahar na rufe ido in nemo fuskarsa, sai taku ta zo. Na lalubi tabon na rasa. Ƙarƙashin ido yake, ko kusa da kunne? Ni da na yi shi da hannuna! Gwaggonka ma ta kasa tunawa, ba kuma wanda zan tambaya, duk sa'o'insa sun tafi. In ya ɓace mini, ya ɓace ke nan.

Ba zan sa hannu ba. Na sa an goge shi a wayar, kai ma ka goge, don Allah. Kuma kada ka zo da kyamarorinka ka ce za ka ɗauke ni. In na tafi, a bar ni da haƙorana uku.

Ka gaida abokan aikinka, Allah ya shirye ku.

Taka har kullum,
Kakarka

Af, amsar: mutumin da ka ƙera ne. Ba mijina ba ne. Mijina yana da tabo.